Me ya sa lissafin masana ke tsayawa a ƙofar Kasuwar Gumi?

Tun daga ranar 26 ga Yunin 2025, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu waɗanda aka tsara su fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, wata tsohuwar magana ta dawo bakin masana harkar kuɗi. Cewa suke yi lokaci ya yi da ɗan kasuwar Arewa zai daina riƙe lissafinsa a ka, ya koma ga tsare-tsaren da ake koyarwa a jami'o'i, ake kuma aiki da su a bankuna. Daga cikinsu akwai ƙiyasin kuɗin da zai shigo da wanda zai fita na shekara uku ko biyar, da auna ribar gobe da darajar kuɗin yau, da kulle farashin dala tun kafin kaya su taso daga Chaina, da mallakar shago ta hanyar jinginar banki.

An daɗe ana wannan kira, amma amsar da ake samu ba ta taka kara ta karya ba. Babu wurin da ya fi dacewa a nemi dalilin haka kamar Doka, tsakiyar Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, domin a nan ba wanda zai ce nisa ne ya raba ɗan kasuwa da masana. Daga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi mutum zai iya takawa da ƙafa zuwa Gidan Ahmed Talib da ke Titin Ahmadu Bello, inda hedikwatar kamfanin zuba jari na jihohin Arewa, wato NNDC, take. Kaɗan gaba kuma ga Titin Yakubu Gowon, inda reshen Babban Bankin Najeriya da hedikwatar Bankin Manoma da rassan bankunan kasuwanci suke a jere. Tun 1978 kasuwar hannun jari ta ƙasa ta buɗe reshe a Kaduna, shekara goma sha ɗaya kafin ta buɗe a Kano. Duk da wannan maƙwabtaka, mafi yawan cinikin da ake yi a layukan 'yan atamfa da 'yan takalma da 'yan tireda yana tafiya ne a kan tambayoyi uku da ba su canza ba tun zamanin fatake: nawa aka saro, nawa za a sayar, yaushe kuɗi zai dawo.

Zargin jahilci

Amsar da ta fi sauƙi, wadda kuma ake yawan ji, ita ce rashin ilimin zamani. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki. Binciken da ƙungiyar EFInA ta gudanar a 2023 ya nuna kashi 47 cikin ɗari na manyan mutane a Arewa maso Yamma ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 26 ne. A wannan shekarar ne ma Gwamna Uba Sani ya sa hannu a kan umarnin zartarwa don shigar da talakawan jihar cikin harkar banki, kuma gwamnatinsa ta ce an buɗe asusu sama da miliyan biyu. Sai dai waɗannan alƙaluma sun fi shafar karkara. Mai shago a Kasuwar Gumi yana da asusu, sau da yawa ma biyu ko uku.

Tarihi kuma bai goyi bayan zargin ba. Wani Bature mai nazarin al'umma, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, kuma a littafin da ya wallafa a 1969 ya bayyana yadda Hausawa ke tafiyar da cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu. Mai shanu zai sauka wurin maigida, dillalan maigidan su sayar wa mahauta bashi, maigidan ya tsaya a matsayin lamuni, ya riƙe a zuciyarsa wane mahauci ne ke biya a kan lokaci, wane ne ya fara tangal-tangal, wane ne ya ci bashi a wuri uku. Abin da bankuna ke kira tantance mai neman rance ke nan, sai dai babu takarda. Kafin wannan kuma malamai sun daɗe suna karantar da babin ƙiradi da salam da shirka a zaurukan fiƙihu, da sharuɗɗansu masu sarƙaƙiya game da rabon riba da ɗaukar asara. Matar da ke riƙe adashin mutum talatin, tana sanin wa za a ba kwasar farko, wa za a ajiye zuwa ƙarshe saboda ba a gama yarda da shi ba, ita ma auna haɗari take yi. Bahaushen ɗan kasuwa bai taɓa ƙin sabon abu don sabuntarsa kawai ba. An ruwaito cewa da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, Alhassan Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma ashirin.

Wani abin lura shi ne ko a ƙasashen da aka ƙirƙiro waɗannan dabaru ba kowa ke bin su sau da ƙafa ba. A 2001 wasu malamai biyu na Jami'ar Duke ta Amurka, John Graham da Campbell Harvey, suka wallafa sakamakon tambayoyin da suka yi wa manyan jami'an kuɗi na kamfanoni 392. Kusan kashi uku cikin huɗu sun ce suna amfani da lissafin auna ribar gobe da kuɗin yau. Amma fiye da rabinsu sun ce suna kuma dogaro da tambaya mafi sauƙi, wato shekara nawa jarin zai ɗauka kafin ya dawo, kuma ƙananan kamfanoni sun fi karkata gare ta. Tambayar nan ita ce dai ta mai sayar da shadda a Doka.

Ƙasar da ake gini a kanta tana motsi

Babban shinge yana cikin lissafin kansa. Kowane ƙiyasi na shekara uku ko biyar yana tsayawa ne a kan wasu lambobi da aka ɗauka ba za su yi tsalle ba: farashin dala, hauhawar farashin kaya, kuɗin ruwan banki, kuɗin mota da na wuta. Idan ɗaya daga cikinsu ya kauce da kashi biyu ko uku, jadawalin zai jure. Abin da ya faru a Najeriya daga 2023 ya wuce kaucewa.

A ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur. A ranar 14 ga Yuni Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ake saya wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. A watan Afrilu ta sauko kusa da 1,100, kafin 'yan makonni ta sake komawa sama. Wanda ya sayi dala a Fabrairu ya yi kuka a Afrilu, wanda ya sayar a Afrilu ya yi nasa kukan a Yuni. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a Disambar 2024. A wata na gaba Hukumar Ƙididdiga ta sauya ma'aunin da take amfani da shi, sai adadin ya zama 24.48, ba tare da farashin buhun shinkafa ya san an yi wani sauyi ba. Ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki kuwa ya tashi daga kashi 18.75 a Yulin 2023 zuwa 27.5 a Nuwamban 2024, sai a Satumban 2025 aka rage rabin maki ya koma 27.

A ɗauki misalin mai sayar da kayan masarufi da ya saro katan a kan naira 100,000 ya sayar 115,000. Littafin akanta zai rubuta masa ribar 15,000. Ya koma wurin sari ya tarar katan ɗin ya zama 125,000. A zahiri jarinsa ya ragu, domin kuɗin da ke hannunsa ba zai sake sayen abin da ya sayar ba. Shi ya sa 'yan kasuwa ke buga waya Kano ko Legas ko Anacha su ji farashin yau kafin su faɗi nasu, suna sayarwa a kan kuɗin da za su maye kayan da shi. Masu saye suna kiran wannan zalunci, masana suna kiran sa rashin tsari, amma a irin wannan yanayi lissafin ɗan kasuwar ya fi na littafin kusa da gaskiya. Haka nan rancen naira miliyan 10 a kan kashi 30 yana nufin miliyan 3 a shekara kafin a taɓa uwar kuɗin, kafin haya, kafin haraji, kafin abincin yaran shago. Ba ya buƙatar kwamfuta kafin ya gane wannan ba zai fitar da shi ba.

Masana za su ce ai don irin wannan rana aka ƙirƙiro yarjejeniyar kulle farashin dala: mai shigo da kaya ya biya naira yau, a yi masa alƙawarin dala a kan farashin da aka amince bayan wata uku ko shida. Manyan kamfanoni da masu masana'antu sun yi hakan ta hannun bankunansu. Da wa'adi ya cika, Babban Banki ya kasa cika alƙawari a kan lokaci, bashin ya taru har wajen dala biliyan 7. A Fabrairun 2024 Gwamnan bankin, Olayemi Cardoso, ya ce binciken da kamfanin Deloitte ya yi ya gano kimanin dala biliyan 2.4 daga ciki ba su inganta ba. Kamfanonin da aka soke nasu sun koma neman dala a sabon farashi. Kamfanin MTN na Najeriya, mai tarin ƙwararrun akantoci, ya bayyana asarar canjin kuɗi ta kusan naira biliyan 740 a 2023, abin da ya jefa shi faɗuwar naira biliyan 137 a shekarar. Da na gaba ake gane zurfin ruwa, kuma ɗan kasuwar da ke tura kuɗinsa ta hannun ɗan canji ya ga abin da ya sami na gaba.

Wannan ba ciwon Najeriya kaɗai ba ne. A 1998 wani kamfanin zuba jari na Amurka, LTCM, wanda cikin shugabanninsa akwai Myron Scholes da Robert Merton da suka karɓi kyautar Nobel a fannin tattalin arziki shekara guda kafin nan, ya durƙushe bayan Rasha ta kasa biyan bashinta. Lissafinsu ya ɗauka irin wannan rana ba za ta zo ba sai da ƙyar. A can sau ɗaya ake ganin ta a shekaru masu yawa, a nan kuwa ta zo sau uku cikin shekara biyu.

'Yan hatsi ma sun ɗanɗana. Kaduna jihar masara ce, kuma kamfanoni irin su AFEX sun kawo tsarin ajiye hatsi a rumbu a ba mutum rasit da zai iya sayarwa ko ya jinginar. Tsarin yana da kyau a takarda. Amma a Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da dakatar da kuɗin fito a kan wasu kayan abinci na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya faɗi ƙwarai. Wanda ya ajiye masara da kuɗinsa ya yi asara ya haƙura. Wanda ya ajiye da kuɗin rance ya yi asara, ga kuma mai bin bashi a ƙofa.

Littafin da ba a son rubutawa

Kowane irin ƙiyasi da alƙaluma yake rayuwa, alƙaluma kuma daga littafi suke fitowa. A nan ne matsalar ta koma cikin shago, kuma a nan ne ba duk laifin ke kan gwamnati ba.

A shaguna da yawa aljihun maigida da akwatin ciniki abu ɗaya ne. Daga cinikin yau ake cire cefane, da kuɗin makarantar yara, da gudummawar biki, da taimakon ɗan'uwan da aka kwantar a asibiti. Ba wanda zai ce a daina zumunci. Abin da ke cutarwa shi ne rashin rubutawa, domin a ƙarshen shekara mai shagon ba zai iya bambance abin da kasuwa ta ci da abin da gida ya ci ba. Da yawa sai lokacin fitar da zakka suke zama su ƙirga kaya da basussuka, kuma wannan ƙirgar, da za a adana ta shekara bayan shekara, da ta isa zama tushen lissafi mai kyau. Akwai kuma ɗabi'ar ɓoye sirrin jari ga kowa, har da 'ya'ya da yaran shagon da suka shekara goma suna jiran sallama. Ranar da maigida ya faɗi, sai magada su tarar da bashin da ake bin sa yana da shaidu, wanda yake bi kuwa ya tafi da shi kabari. Kaduna da Kano da Zariya cike suke da sunayen gidajen kasuwanci da ba su wuce mutum ɗaya ba.

Amma ƙin rubutu yana da wani dalili da ba a cika faɗa a taron bita ba, shi ne tsoron wanda zai karanta. Tun dokar haraji ta 2016, wadda ta tattara harajin jihar wuri ɗaya ta kuma hana karɓar sa da tsabar kuɗi, kuɗin shigar da Jihar Kaduna ke tarawa ya tashi daga ƙasa da naira biliyan 15 a 2015 zuwa sama da biliyan 50 a 2020. Gwamnati tana alfahari da wannan, kuma tana da hujja. Ɗan kasuwa kuwa abin da ya fahimta shi ne duk wanda ya fito fili shi ake fara gani. Dokar kuɗi ta 2019 ta yafe wa ƙananan kamfanonin da cinikinsu bai kai naira miliyan 25 a shekara ba harajin kamfani, sababbin dokokin kuma sun yafe harajin mutum ga wanda samunsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba. Sai dai cin moriyar yafiya yana buƙatar a nuna lissafi, nuna lissafi kuma yana buƙatar a yarda cewa jami'in da ya ga cinikin miliyan 40 zai gane ribar cikinsa ba ta fi miliyan 3 ba. Wannan yardar ce ba a gina ba tukuna. Ga kuma kuɗin akanta, wanda a ƙaramin shago zai iya cinye abin da tsarin zai ceto.

Kuɗin ruwa, jingina da shago

Ga mafi yawan 'yan kasuwar Doka, akwai shingen da ya riga duk waɗannan. Kusan kowane lissafin zamani an gina shi a kan kuɗin ruwa, kuma mutumin da ya yi imani riba haramun ce ba zai shiga ba ko da lissafin ya nuna masa alheri. An rage wannan matsala sosai. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 da rassa uku, ɗaya a Kaduna. TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi. Sai dai bankin da ba ya karɓar ruwa shi ma a cikin wannan tattalin arziki yake, don haka ribar da zai ɗora a murabaha ba za ta yi nisa da abin da sauran bankuna ke caji ba, kuma shi ma zai nemi takardun rajista da bayanan asusu da jingina.

Jinginar da banki ya fi so ita ce takardar mallakar fili. A 2017 aka yi dokar da ta halatta jinginar kayan da ake iya ɗauka, kamar injina da kayan shago da dabbobi, tare da rajistar da Babban Banki ke kula da ita. Dokar tana nan, amma manajan reshe ya san bambancin gidan da ba ya gudu da dilar atamfar da za a iya kwashewa da dare, ya kuma san tsawon lokacin da shari'a ke ɗauka. Daga ɓangaren mai karɓa kuma, tun Agustan 2020 akwai umarnin da ya ba banki damar cire bashinsa daga duk wani asusun mai bashin a wasu bankuna. Maigidan da ya ba da kaya bashi a kasuwa yana ɗaga ƙafa idan an yi gobara ko rasuwa. Na'urar banki ba ta san ta'aziyya ba.

Kaduna ta ga gwajin wannan a fili lokacin gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i, wadda ta ɗauki sake gina kasuwanni tare da 'yan kwangila masu zuba jarinsu, aka rushe Kasuwar Barci a Maris ɗin 2020, aka kuma yi wa 'yan kasuwa tayin mallakar shaguna ta hanyar ba da kafin alƙalami, sauran a biya ta banki cikin shekaru. A ilimin kuɗi tayin yana da ma'ana: maimakon haya da ke tafiya ba dawowa, mutum ya mallaki kadarar da zai iya jinginarwa gobe. Amma tayin ya zo ne a shekarar kullen korona, lokacin da kasuwanni suka yi watanni a rufe, jari ya narke a cefane. Biyan wata-wata kuma yana son samun wata-wata, irin na ma'aikaci. Cinikin atamfa da takalma da kayan yara yana da lokacinsa: azumi, sallah, Kirsimeti, komawa makaranta, bayan girbi. Tsakanin waɗannan akwai watannin da mai shago ke kwana uku bai yi cinikin kirki ba. Masu ƙarfi sun saya. Marasa ƙarfi da yawa sun koka cewa farashin ya fi ƙarfinsu, wasu suka koma bakin titi da unguwanni.

Ma'aikacin gwamnati, wanda ke da albashin da tsarin ke so, shi ma bai rungume shi yadda aka zata ba. Tun 2018 hukumar fansho ta raba asusun ajiyar ma'aikata gida-gida gwargwadon haɗarin da mutum ke iya ɗauka, a 2021 ta ƙara gidan da babu kuɗin ruwa, a 2022 kuma ta ba da damar amfani da kashi 25 na ajiyar wajen biyan kafin alƙalamin gida. Zaɓin yana nan, amma ma'aikaci ya fi gane ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikatarsu, wadda ke ba shi buhun shinkafa da azumi a cire a albashi, da kuma fulotin da zai saya a Rigasa ko Millennium City ya kewaye. Ya ga yadda hauhawar farashi ta cinye ajiyar waɗanda suka yi ritaya kafin shi.

Abin da aka karɓa ba tare da taron bita ba

Ga duk wannan sai a ƙara tabo. Waɗanda suka sayi hannun jarin bankuna da rance kafin Maris ɗin 2008 sun ga kasuwar ta zubar da kusan kashi biyu cikin uku na darajarta cikin shekara guda. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta yi haka a Afrilun 2025, kuma dukansu da kalmomin ƙwararru da jadawali masu launi suka zo. Wanda bai karanci fannin ba yana da wuya ya bambance bayanin gaskiya mai wuyar fahimta da na damfara mai wuyar fahimta, don haka yakan guje wa duka biyun. Sauyin fasalin naira da aka sanar a Oktoban 2022 ya ƙara zurfafa abin, domin mutane sun kai kuɗinsu banki bisa umarni suka kasa fitar da shi. Jihar Kaduna ce, tare da Kogi da Zamfara, ta kai Gwamnatin Tarayya Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris ɗin 2023 cewa tsofaffin takardun kuɗi su ci gaba da aiki.

Duk da haka, a daidai wannan lokaci ne kasuwa ta karɓi wani sabon abu hannu bibbiyu. Babban Banki ya ƙaddamar da eNaira a Oktoban 2021 da gagarumin biki, amma wani nazari na Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 2023 ya gano kashi 98.5 na asusun da aka buɗe ba a taɓa su a mako. Na'urar POS da manhajojin Moniepoint da OPay da PalmPay kuwa sun cika kasuwa ba tare da an roƙi kowa ba. Mai shago yana ganin kuɗinsa ya shigo kafin mai saye ya bar gabansa, ya huta da jabun kuɗi da neman canji da ɗaukar jaka zuwa banki da yamma. Idan abin ya ƙi aiki, a ranar zai sani, ba bayan shekara biyar ba. Abin da ke cikin na'urar ya fi duk wani jadawalin akanta sarƙaƙiya, amma ba a nemi ya fahimce shi ba, kuma ba a nemi ya jinginar da gidansa ba.

Ta wannan ƙofa ce lissafin masana ya shiga kasuwar a ƙarshe, sai dai ba a hannun ɗan kasuwa yake ba. Kowane cinikin da ya bi ta na'ura yana barin sawu: ranar, adadin, watan da kasuwa ta buɗe da watan da ta yi sanyi. Da wannan sawu wasu daga cikin kamfanonin ke auna mai shago su yi masa tayin rancen jari na ɗan gajeren lokaci ba tare da takardar fili ba. Ga wanda banki ya daɗe yana mayarwa, wannan sauƙi ne. Amma shi bai san yadda aka auna shi ba, bai kuma san abin da zai rage masa maki ba, alhali maigidan Sabon Ibadan aƙalla ana iya zuwa zaurensa a yi masa bayani.

Sawun kuma ba mai ba da rance kaɗai ke sha'awar sa ba. A 2024 Hukumar Rajistar Kamfanoni ta umarci masu sana'ar POS su yi rajista da ita, kuma sababbin dokokin haraji sun tanadi cewa duk wanda haraji ya hau kansa ya mallaki lambar shaidar haraji da za a haɗa da asusunsa na banki. Mai shagon da ya shekara ashirin yana ƙin rubuta littafi yanzu yana da littafin da na'ura ke rubuta masa kullum, wanda ke nuna duk abin da ya shigo, amma ba ya nuna nawa aka saro kayan, nawa aka biya mota daga Legas, ko nawa ya maƙale a hannun masu bashi. Ranar da jami'in haraji zai zauna da shi, wannan rabin na biyu shi kaɗai ne zai iya kawo shi, kuma sai in ya rubuta.